Adakar marigayi: a ƙirga, a tantance, kana a kira dillali

A satin nan filinmu zai duba wata matsala ta gado wadda ba a cika kai ta gaban malam ko gaban juji ba sai bayan ta ɓaci. Gona an san iyakarta, shanu an san farashinsu a kasuwar Badagishiri, gida kuwa ko yaro ya san abin da maƙwabci ya sayar da nasa. To amma idan magada suka buɗe adakar marigayi suka tarar da ɗaruruwan ƴan mutum-mutumi na tagulla da na itace da na yumɓu, wa zai gaya musu ƙimarsu? Kuma wa ya halatta su sayar wa?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Adar. Tun kafin samun mulkin kai samarin Tajaye da Illela da Malbaza da Birnin Ƙonni ke tafiya bida zuwa Kumasi da Abijan. Mafi yawansu sun yi dako da tireda da sayar da nama, amma akwai waɗanda suka shiga fataucin kayan sassaƙa da na ƙira, sana'ar da Hausawa suka yi suna da ita a duk Afirka ta yamma. Wani masani ɗan Amurka, Christopher Steiner, ya zauna da irin waɗannan fatake a Abijan, ya fitar da littafi a kansu a 1994, inda ya nuna yadda suke shiga ƙauyuka suna sayen kaya, su tara su a unguwar Treichville, su sayar wa Turawa a kasuwar Plateau. Da yaƙi ya ɓarke a Kodebuwa cikin Satumba 2002, kana Turawa dubbai suka fice a Nuwamba 2004, ciniki ya faɗi. Wasu dattawa sun komo gida da ragowar hajarsu, suka ajiye ta a ƙuryar ɗaki suna jiran kasuwa ta farfaɗo. Yau da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, adakokin kuwa suna nan.

Magada kan kasu gida biyu. Wasu suna ganin tarkace ne, su bar yara su yi wasa da su, ko su miƙa wa mai sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Wasu kuma sun ji labari a rediyo cewa an sayar da wani sassaƙe a Turai kan miliyoyi, sai su ɗauka arziƙi ya sauka gidansu, har ƴan uba su fara kallon juna da gefen ido. Duka biyun rashin sani ne, kuma Hausawa sun ce ya fi dare duhu.

Kayan magada ne, ba na mai riƙe da mabuɗi ba

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, abin da ke cikin adakar nan dukiyar gado ce kamar gona da dabba. Babban wa ba shi da ikon ɗaukar ko guda ɗaya ya kai Yamai da sunan zai tambayo farashi, matuƙar sauran magada ba su sani ba. Tsarin da malamai suka karantar a bayyane yake: a fidda kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba abin da ya rage. Matar marigayi da ƴaƴansa mata da marayu ƙanana suna da haƙƙi cikin kowane ɗan mutum-mutumi, ko da ba su taɓa ganinsa ba.

Zancen bashi yana da nauyi a nan fiye da ko'ina, domin kuwa wannan fatauci da amana ake yinsa. Falke kan karɓi kayan abokinsa ya tafi da su, sai ya sayar ya kawo kuɗi. Saboda haka ba duk abin da aka samu a ɗakin marigayi ne nasa ba. A nemi littafinsa na lissafi, ko da ajami ya rubuta, a kuma aika wa abokan sana'arsa da suka rage a Abijan ko Lome ko Yamai cewa ga wane ya rasu, mai haƙƙi ya yi magana.

Bayan haka sai ƙirga. A buɗe adaka gaban shaidu, a samu wakilin mai gari ko liman, a ba kowane abu lamba, a rubuta tsawonsa da nauyinsa da abin da aka yi shi da shi, a ɗauki hotonsa gaba da baya da ƙasa. Yau kowane gida akwai salula mai ɗaukar hoto, babu uzuri. A yi takardar kofi biyu ko uku, kowane ɗaki na magada ya riƙe ɗaya. Idan dukiyar tana da yawa ko an fara jin ƙishin-ƙishin na saɓani, a yi zaman dangi a hukumance, a naɗa wakili, a kai takardar zaman kotun Illela ko ta Ƙonni ta tabbatar da ita. Kada a zubar da komai na takarda da aka samu tare da kayan: tsohon resi, wasiƙar wani Bature, hoton marigayi a rumfarsa, takardar duwan. Za mu ga dalili nan gaba.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce: kada a wanke, kada a goge da toka ko lemun tsami, kada a shafa fenti ko mai. Baƙin da tsufa ya bari a jikin tagulla ko itace shi ne abin da masani ke dubawa. Wanda ya goge shi don kaya su yi ƙyalli ya goge kuɗinsa da hannunsa. Abin da za a yi kawai shi ne a ɗaga kayan itace daga ƙasa saboda gara, a nisanta su da damshi.

Kashi huɗu

Idan an gama ƙirga, sai a ware kayan kashi huɗu.

Kashi na farko, kuma shi ne mafi yawa a kusan kowace adaka, kayan da aka yi domin kasuwa. Akwai ƴan mahaya da ƴan makaɗa na tagulla daga Wagadugu da Fumban ta Kamaru, akwai sassaƙen Korogo, akwai ƴan raƙuma da kunkuru na farin dutse mai taushi da maƙeran Abzin ke sassaƙawa. Aikin hannu ne mai kyau, halal ne a gaban hukuma, amma farashinsa na aikin hannu ne. Da yawa daga cikinsu an tsofar da su da gangan: a rataya su cikin hayaƙin madafa, a shafa musu ruwan goro ko man kaɗanya, a binne su kwanaki. Masu sana'ar sun san wannan, kuma dillalin da zai zo saye ya fi magada saninsa. Alama ɗaya mai sauƙi ita ce, abin da aka yi amfani da shi da gaske yakan goge ne a inda hannu ke kamawa, na bogi kuwa tsufansa ya game ko'ina daidai wa daida. Haka nan idan ka ga guda goma masu kama ɗaya, to ka san daga rumfa ɗaya suka fito.

Kashi na biyu tsofaffin kaya ne na gaskiya da aka yi amfani da su a gidaje, ba a haƙo su daga ƙasa ba. Misalin da aka fi samu shi ne ƴan ma'aunan zinariya na Ashanti: ƙananan siffofin mutane da tsuntsaye da kifaye na tagulla, waɗanda aka yi ta hanyar narkar da kakin zuma, aka auna garin zinariya da su ɗaruruwan shekaru har zuwa wajen 1900. Har yau ana ƙera sababbi a kusa da Kumasi, don haka sai idon gwani ke raba tsoho da sabo. Cikin wannan kashi ne ake iya samun ƴan ƙalilan da suka fi duk sauran adakar daraja.

Kashi na uku shi ne duk abin da aka tono daga ƙasa, musamman kawuna da mutum-mutumin gasasshen yumɓu. Kashi na huɗu kuwa hauren giwa. Waɗannan biyun a ajiye su gefe, domin maganarsu ta hukuma ce kafin ta zama ta kasuwa. Game da haure zancen gajere ne: yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Nijar kuma tana cikinta. Duk wanda aka kama da shi a kan iyaka ba zai fita da cewa gado ya ci ba.

Me ke sa farashi?

Ƴan kasuwa sun san kuɗin da mai kaya ya yanka daban, wanda aka sallama daban. Yaranmu kan buɗe intanet su ga mai kama da na babansu an rubuta masa yuro dubu, su zo da murna. Wannan kuɗin talla ne a wani kanti na Paris ko Burusel, inda mai kantin ke biyan haya da haraji, kuma yana iya shekara biyar bai sayar ba. Abin da ya kamata a nema shi ne farashin da aka biya da gaske a gwanjo, kana a tuna cewa tsakanin Tajaye da wannan gwanjo akwai hannuwa uku ko huɗu, kowanne da ribarsa.

Abin da ke ɗaga farashi a can, bayan tsufa da kyawun aiki, shi ne tarihin mallaka: wa ya fito da abin, daga ina, a wace shekara, ya bi ta hannun wa. Ga labarin da ya zagaya duniya. A 2021 wasu tsofaffi mata da miji a kudancin Faransa suna share gidansu, suka sayar wa wani dillalin tsofaffin kaya wani sassaƙen rufe fuska na ƙabilar Fang ta Gabon kan yuro 150, wato kusan jika 98 na kuɗinmu. A watan Maris 2022 aka sayar da shi a gwanjo a birnin Montpellier kan yuro miliyon 4.2, fiye da miliyar 2 da miliyon 750 na sefa. Suka kai ƙara, amma a Disamba 2023 kotun Alès ta ce ciniki ya tabbata, tun da su ne ba su bincika ba kafin su sallama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Darasi biyu ke cikin labarin, kuma mutane sun fi son jin na farko: kada ka sayar da abin da ba ka san ko mene ne ba. Na biyun ya fi ɗaci. Abin da ya kai wannan sassaƙe wannan matsayi shi ne irinsa kaɗan ne suka rage a duniya, kuma an san cewa kakan mai gidan, wani gwamnan mulkin mallaka, shi ya zo da shi tun farkon ƙarni na 20. Kayan da aka tara a rumfar Treichville a shekarun 1980 da wuya su sami irin wannan shaida. Shi ya sa muka ce kada a zubar da ko ƴar guntuwar takarda.

A kuma yi la'akari da halin kasuwa. Bayan karyewar darajar sefa a Janairu 1994, kayanmu sun yi wa Turawa araha da rabi, ciniki ya yi zafi. Wannan zamani ya wuce. Masu yawon buɗe ido sun ragu ƙwarai a Nijar tun tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ma an rufe shi a Janairu 2024. Masu saye sun yi kaɗan, kaya sun yi yawa. Wanda ke ƙiyasta adakar mahaifinsa da farashin da marigayin ke faɗa shekara talatin da suka wuce zai sha mamaki.

Abin da aka haƙo daga ƙasa

A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, masanin tarihi Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya yi haƙa a wurin a 1983, ya fito da tulunan binne mamata da kawunan yumɓu da mahayin dokin nan da ya yi suna. Bayan an nuna su a baje kolin kwarurrukan kogin Kwara da aka buɗe a Paris a 1993, sai masu saye suka yi caa, manoma suka bar gona suka kama tono, aka wargaza wurare masu yawa kafin masana su isa. Haka ya faru a maƙwabtanmu da yumɓun Nok da na Sakkwato da na Katsina. Tun da Ƙonni bakin iyaka take, babu mamaki a tarar da irinsu a gidajen yankinmu.

Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ita ke kare kayan tarihin Nijar. Ta hana tono ba da izni ba, ta hana fitar da su waje ba da iznin hukuma ba, ta kuma tanadi tara da ɗauri. A Najeriya dokar 1979 ta ɗora wannan aiki a kan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jan jeri na kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya, yumɓun Bura da Nok da Sakkwato da Katsina duk suna ciki. Ko gwamnatin Faransa ba ta tsira ba: da ta nuna guda biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a 2000 aka yi mata ca, har a 2002 ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aro ta ɗauka na shekara 25. Daga 28 ga Yuni 2025 kuma Tarayyar Turai ba ta barin kayan haƙa da suka haura shekara 250 su shiga ƙasashenta sai da lasisi da shaidar cewa bisa doka suka fita daga ƙasarsu.

Ma'anar wannan ga magada ita ce, in kan yumɓun nan na gaskiya ne ba su da ikon sayar da shi a fili, in kuwa na bogi ne ba shi da daraja. Mai zuwa da dare ya ce zai saya ya haye da shi ta Illela ta Najeriya ko ta Gaya, shi zai ci riba, sunan gidanku ne zai fito a takardar jandarma. Hanyar da ta dace ita ce a kai hotuna ofishin kula da al'adu na jaha a Tawa, ko gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai, wanda ke nan tun 1959, ko sashen kayan tarihi na IRSH. Su za su faɗi ko mene ne. In ya tabbata na tarihi ne, a miƙa shi a karɓi takardar shaida da sunan marigayi. Wannan ba asara ba ce: kabarin kakannin wasu aka tone, kuma tarihin ƙasa ne ya koma mazauninsa.

Yadda za a yi cinikin

Sauran kayan da suka halatta, hanya biyu ce: a sayar a dunƙule ko a sayar ɗai-ɗai. Dillali ya fi son dunƙule, domin idonsa na kan guda goma masu kyau, sauran kyauta ce. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce adaka na da guda 400, dillali ya taya jika 400, wato jika guda kowanne. In akwai guda 15 a ciki da kowanne zai yi jika 20, su kaɗai sun kai jika 300, ke nan sauran 385 ya same su kan jika 100. Amma akwai ɗaya gefen: in aka bari ya tsince masu kyau ya tafi, ragowar na iya shekara ba mai tayawa. Mafita ita ce a ware na kashi na biyu a yi musu ciniki daban, na kasuwa kuma a haɗa su tuli-tuli gwargwadon iri, tagulla da tagulla, itace da itace.

Mai ƙiyasta kaya daban, mai saye daban. Wanda zai saya ba zai taɓa gaya maka ƙarshen farashi ba, kuma ba laifinsa ba ne, kasuwa ke nan. A nemi tsohon abokin sana'ar marigayi wanda ya daina fatauci, a biya shi ladan dubawa. A ji tayin mutum uku aƙalla, kowanne shi kaɗai, cikin masu rumfuna na Yamai kamar na Wadata da na unguwar Shato, ko na Kano. In za a ba dillali kaya ya tafi da su, a rubuta lambobinsu da mafi ƙarancin kuɗin da aka yarda da la'adarsa da ranar komowa, ya sa hannu gaban shaidu. In da naira za a biya, a tsayar da canjin ranar a wurin ƴan canjin Ƙonni kafin a sallama, tun da darajarta ba ta kwana inda ta wuni. Duk wanda kuwa ya bugo waya daga waje ya ce zai saya da tsada amma a fara turo masa kuɗin takardu ko na sufuri, ɗan damfara ne. Ba a cinikin biri a sama.

Akwai magadan da zuciyarsu ba ta kwanta da kuɗin siffofi masu rai ba, kuma suna da hujjarsu a wurin malamai. Wannan magana a kai ta gaban malamin da dangi suka amince da shi tun kafin a kira mai saye, kada a bari sai kuɗi sun zo hannu. Abin da muke roƙo shi ne kada wani ya yi gaban kansa ya farfasa ko ya narkar da kayan da ke na mutum goma. Wanda ba ya so, gidan tarihi na karɓa.

Kalma ta ƙarshe ga ƴan uwanmu ma'aikatan gwamnati. A kowane gida ku ake turawa Yamai da hotuna, domin ku ke jin Faransanci, ku kuka san ofisoshi. Amana ce aka ɗora muku. Ku komo da abin da aka gaya muku a rubuce, ku karanta wa kowa har da iyaye mata, ko da labarin bai yi daɗi ba. Sau da yawa za a tarar duk adakar ba ta kai kuɗin sa guda ba, zumuncin da za ta iya rabawa kuwa ba a sayensa a kasuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka cikin abin da suka bari. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.